Sabuwar wayata ba ta da L2TP: ta yaya zan shiga VPN na ofis?

Abban Sumayya:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa masana harkar sadarwa, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta tsaya mini a wurin aiki. Ni akanta ne a wani kamfani da ke sarin kayan masarufi a Kano, kuma manhajar da muke shigar da lissafin kaya da na kuɗi tana kan wata kwamfuta ce da ke cikin babban ofishinmu, ba a kan intanet take ba. Idan ina ofis, burauza kawai nake buɗewa in rubuta sunan kwamfutar, shafin ya fito. Idan kuma na fita sito domin ƙirga kaya, ko tafiya ta kama ni, sai in kunna VPN a waya, wato haɗin da ke shigar da ni tsarin kwamfutocin ofis daga nesa, in duba abin da ya shigo da abin da ya fita, in amince da takardun da ke jiran sa hannuna.

Wanda ya haɗa mana tsarin shekarun baya ya bar mana takarda mai ɗauke da abubuwa huɗu: adireshin ofis, sunan mai shiga, lambar sirri, da wata kalmar sirri ta biyu wadda dukkanmu muke amfani da ita. A saman takardar an rubuta L2TP/IPsec PSK, wato nau'in VPN ɗin da muke amfani da shi, PSK kuwa ita ce wannan kalmar sirri ta biyu. Yanzu na sayi sabuwar waya mai Android 14, na shiga saiti domin in zuba waɗannan bayanai, amma a jerin nau'o'in VPN babu L2TP ko kaɗan, sai guda uku da duk suka fara da IKEv2. Na zaɓi wanda ya ƙare da PSK na zuba bayanan takardar, ya daɗe yana juyawa sannan ya ce bai yi nasara ba. Tsohuwar wayar tana shiga har yanzu, sai dai batirinta ya kumbura, ba zan ci gaba da dogara da ita ba.

Wani abokin aikina ya ce in sauke ɗaya daga cikin manhajojin VPN na kyauta, irin waɗanda mutane suka riƙa amfani da su lokacin da aka rufe Twitter, wai ita ma za ta yi. Ban gamsu ba, shi ya sa na zo nan. Rautar ofishinmu, wato na'urar da ke raba mana intanet, ta kamfanin MikroTik ce, kuma wanda ya saita ta ya bar aiki da mu. Shugaban kamfanin ma yana son a haɗa masa iPad ɗinsa, sannan yana tunanin mu koma Starlink. Mene ne ya kamata mu yi?

Ɗan Zazzau:

Wa alaikumus salam, Malam. Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma ba kuskure ka yi wajen zuba bayanai ba. Tun daga Android 12, wanda ya fito a 2021, Google ta fara cire PPTP da L2TP daga cikin VPN da ke zuwa tare da waya, ta bar IKEv2 wanda ta shigo da shi a Android 11, saboda haka yawancin wayoyin da ake sayarwa yanzu ba za ka ga L2TP a cikinsu ba duk inda ka duba. Apple ta riga ta cire PPTP tun a iOS 10 a 2016, bayan masu bincike sun nuna a 2012 cewa ana iya fasa hanyar da yake tantance lambar sirri, amma ta bar L2TP, wanda shi ya sa mai iPhone a ofishinku ba zai ga wannan matsala ba tukuna. Dalilin da ya sa zaɓin IKEv2 mai PSK ya ƙi shiga shi ne rautarku ba a saita ta ta amsa IKEv2 ba. Kalmar sirrin daidai take, amma wayar tana neman abin da ba a buɗe ba a ɓangaren ofis.

Shawarar abokin aikinka kuwa ka ajiye ta gefe. Manhajojin da suka yaɗu a Najeriya tsakanin Yunin 2021 da Janairun 2022, lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter, aikinsu shi ne su kai ka sabar kamfanin da ya yi su a wata ƙasa, daga can ka fita intanet da adireshin wannan ƙasa. Ba su san ofishinku ba, kuma ba su da hanyar shiga cikinsa. Ƙari a kan haka, Android ba ta barin VPN biyu su yi aiki a lokaci guda, saboda haka duk sanda ka kunna irin wannan manhaja, na ofis zai mutu. Haka nan ina roƙonka kada ka karɓi wata manhaja da wani zai tura maka ta WhatsApp ko Xender da sunan tana dawo da L2TP, domin duk manhajar da ka ba izinin zama VPN tana iya ganin abin da ke ratsawa ta cikinta, kai kuma lissafin kamfani ne zai riƙa ratsawa.

Gyaran a ofis yake, kuma hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a saita IKEv2 a kan rautar, wanda wayoyin Android da na Apple duk suna da shi ba tare da an sauke komai ba. Yana aiki da kyau, amma saitinsa yana da tsawo: yawanci sai an ƙirƙiri takardun shaida na na'ura, an tabbatar sunan da ke cikin takardar shaidar rautar ya dace harafi da harafi da adireshin da aka rubuta a waya, sannan an buɗe ƙofofin UDP 500 da 4500, wato lambobin mashigar da haɗin ke bi, a katangar tsaron rautar. Ko agogon waya ne ya kauce sosai, tana iya ƙin amincewa da takardar shaidar. Ta biyu ita ce WireGuard, wani nau'in VPN wanda ya shiga cikin Linux a 2020, MikroTik kuma ta saka shi a siga ta 7 ta RouterOS, manhajar da ke tafiyar da rautocinta. Ni ita nake zaɓa wa ƙananan ofisoshi, saboda ƙofa ɗaya ta UDP kawai take buƙata, saitinta 'yan layuka ne, kuma idan mutum ya fita daga Wi-Fi ya koma datar layinsa haɗin yana bin sa ba tare da ya sake danna komai ba. Ma'aikaci zai sauke manhajar WireGuard ta asali daga Play Store ko App Store, ya haska hoton QR da kyamara, shi ke nan.

Idan rautarku tana kan siga ta 6, sai an ɗaga ta kafin WireGuard ya bayyana. A sa ƙwararre ya yi wannan yana zaune a gaban na'urar, bayan ya adana kwafin saitin da ke kanta a wani wuri daban, kuma a ranar da ba a hada-hada, domin idan wani abu ya karkace ofis gaba ɗaya zai rasa intanet. Kada a kashe L2TP sai an tabbatar kowa ya koma sabon tsari.

Batun Starlink shi ne na fi so ku tsaya a kansa kafin ku biya kuɗi. Tsohuwar wayarka tana shiga ne saboda ofishinku yana da adireshin IP da ake iya kaiwa gare shi daga waje. Tsarin Starlink na gida, haka ma mafi yawan rautocin da ake saka wa layin waya, suna raba adireshi ɗaya ne tsakanin masu amfani da yawa, abin da ake kira CGNAT, kuma a irin wannan yanayi babu wanda zai iya fara haɗi daga waje zuwa rautarku, ko da wane irin VPN kuka saita. Ana gane shi cikin sauƙi: idan adireshin da rauta ta samu daga kamfanin intanet yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko kuma ya bambanta da wanda shafukan duba IP suke nuna muku, to kuna bayan CGNAT. Ku tambayi duk kamfanin da za ku koma wurinsa ko zai ba ku adireshi na fili, da nawa ne kuɗinsa, kafin ku yanke tsohon layin.

Maman Fadila:

Sallama gare ku. Bayanin Injiniya Ɗan Zazzau a kan dalilin matsalar daidai ne, ba ni da abin ƙarawa a kai. Sai dai akwai abin da na gani a cikin tambayar Malam Abban Sumayya da ya fi rashin L2TP tayar mini da hankali, wato wanda ya saita rautar ya bar aiki, amma takardar da ya rubuta ita ce har yanzu ake amfani da ita. Wannan na nufin kalmar sirrin da kowa ke amfani da ita tana hannunsa, tana hannun duk ma'aikacin da ya taɓa ɗaukar hoton takardar da wayarsa, kuma mai yiwuwa lambar sirrin shiga rautar kanta ba a taɓa sauya ta ba. Ba ina zargin kowa da mugun nufi ba ne. Tsari ne da bai kamata a bar shi haka ba, kamar a yanka wa ma'aikata makulli iri ɗaya na shago, wasu su tafi da nasu, kuma kwaɗon bai canza ba. Abu na farko da ƙwararren da za ku kira zai yi shi ne ya sauya lambar sirrin rautar, ya duba jerin sunayen da ke da izinin shiga, ya goge waɗanda ba a san su ba.

Game da WireGuard kuma, Injiniya, ina da ja kaɗan. Sauƙin da kake yabawa gaskiya ne, amma ya kamata Malam ya san abin da ke tattare da shi. WireGuard ba ya tambayar suna ko lambar sirri. Makullin yana cikin wayar, kuma duk wanda ya riƙe wayar a buɗe, dannawa ɗaya ta kai shi cikin ofis. A Kano ba sai an yi wa kowa bayanin ƙwacen waya ba, kuma sau da yawa wayar tana hannun mai ita ne yana amfani da ita, wato a buɗe take, lokacin da ake fizge ta. A wurin da nake aiki mun zaɓi tsarin da ke haɗe da asusun kowane ma'aikaci, wanda ke neman lambar tabbatarwa ta biyu kafin ya shiga, kuma da zarar an rufe asusun mutum an rufe VPN ɗinsa. Na san wannan yana buƙatar saba ta musamman da mai kula da ita, kuma ƙaramin kamfani ba lallai ya iya ɗaukar nauyin ba. Idan WireGuard ɗin za ku yi, to akwai sharuɗɗan da ban ga dalilin sassautawa a kansu ba.

Kowace na'ura ta samu makullinta ita kaɗai, a rubuta sunan mai ita a gefensa a cikin rauta, domin ranar da aka ce an ƙwace wayar wane a san layin da za a goge cikin minti ɗaya ba tare da an taɓa na sauran ba. Hoton QR ɗin nan makulli ne cikakke, saboda haka a nuna shi a fuskar kwamfuta mai wayar ya haska a take a rufe, kada a tura shi ta WhatsApp, kada a buga shi a takarda. A katangar tsaro kuma a taƙaita wayoyi ga kwamfutar lissafi kaɗai, a ƙofar da manhajar ke amfani da ita, domin babu hujjar da za ta sa wayar akanta ta iya kaiwa ga kyamarorin tsaro ko shafin saitin rauta. Manhajar lissafin ita ma ta riƙa neman lambar sirri, kuma a hana burauza adana ta. Sannan a gaya wa kowa a fili cewa idan wayarsa ta ɓace, kafin ya je neman dawo da layinsa ya fara kiran ofis.

Wannan ba tsananin tsoro ba ne. Manhajar lissafi tana ɗauke da sunayen abokan ciniki, lambobin wayarsu, wataƙila har da lambobin asusun banki da albashin ma'aikata. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, kuma idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, dole ne a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72. Shugaban kamfaninku ya kamata ya san da wannan kafin a haɗa masa iPad ɗin da wataƙila yara ke wasa da shi a gida.

Abban Sumayya:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Hajiya. Na kai wa shugabanmu bayananku kamar yadda kuka rubuta, ya amince, muka kira wani ƙwararre ya ɗaga rautar zuwa siga ta 7, ya sauya lambobin sirri, ya saita WireGuard, kuma kowace na'ura ya ba ta makullinta kamar yadda Hajiya ta ce. An jingine maganar Starlink sai an samu amsa a kan adireshi.

Yanzu wayata tana shiga, amma saura abubuwa uku. Idan na rubuta sunan kwamfutar lissafi a burauza ba ta buɗewa, sai na rubuta 192.168.1.10 sannan shafin ya fito. Na biyu, ƙananan shafuka suna buɗewa nan da nan, amma rahoton wata mai tsawo yakan tsaya a tsakiya idan ina kan datar layi. Na uku ya shafi iPad ɗin shugaba: a ofis an gwada shi da datar waya ya yi aiki, amma da ya je gida ya hau Wi-Fi ɗinsa, alamar VPN ta fito a sama, sai dai shafin ya ƙi buɗewa sam. Ƙwararren ya yi tafiya, kuma ina so in fahimci abin da zan gaya masa idan ya dawo.

Ɗan Zazzau:

Madalla, aikin ya yi nisa. Hajiya, na karɓi gyaranki, musamman batun taƙaita wayoyi ga kwamfuta ɗaya, wanda da yawa daga cikinmu muke tsallakewa idan muna sauri.

Malam, kafin komai ka riƙe wannan: alamar VPN da ke fitowa a saman fuska ba shaida ba ce cewa an kai ofis. WireGuard yana nuna a kunne yake ko da rautar ofis a kashe take saboda an ɗauke wuta. Abin dubawa yana cikin manhajar, a layin da ke nuna lokacin musafaha ta ƙarshe tsakanin waya da rauta, tare da adadin bayanan da aka karɓa. Idan ana aiki, musafahar tana sabuntawa kusan duk minti biyu. Idan layin babu shi, ko abin da aka karɓa sifili ne, matsalar tana kan hanya: wuta, adireshin ofis da ya canza bayan rauta ta sake tashi, ko ƙofar da aka toshe. Idan kuwa musafahar tana nan, to an shiga, matsalar tana ciki. Ka roƙi shugaba ya duba wannan layi a gida, amma ina kyautata zaton zai same shi lafiya.

Abin da nake zargi a kan iPad ɗin shi ne karon adireshi. Lambar da ka rubuto ta nuna ofishinku yana amfani da jerin 192.168.1, wanda shi ne jerin da rautocin gida masu yawa suke zuwa da shi daga masana'anta. Idan Wi-Fi ɗin gidan shugaba ma 192.168.1 ne, to sanda ya nemi 192.168.1.10, iPad ɗin yana ɗauka na'ura ce da ke cikin gidan, sai ya neme ta a nan, bai aika buƙatar ta cikin VPN ba. Shi ya sa da datar waya ya yi aiki. Ya shiga bayanin Wi-Fi ɗin gidansa ya karanto maka adireshin da iPad ɗin ya samu, nan take za ku tabbatar. Gyaran gaggawa shi ne a ƙara 192.168.1.10/32, wato wannan adireshi shi kaɗai, a layin AllowedIPs na iPad ɗin, layin saitin WireGuard da ke lissafa adiresoshin da za su bi ta VPN, domin na'ura tana fifita hanyar da ta fi ƙayyadewa, ko kuma a sauya jerin rautar gidan. Gyara mai ɗorewa shi ne ofis ya bar wannan jeri ya koma wanda ba a cika samu a gidaje da otal-otal ba, misali 10.47.20, ya kuma kauce wa 192.168.0 da 192.168.8 da ƙananan na'urorin MiFi ke yawan amfani da su. Aiki ne na yini guda, saboda sai an bi firintoci da kyamarori da duk abin da aka kafe wa adireshi, amma idan ba a yi ba matsalar za ta dawo duk sanda wani ya sauka a masaukin da jerinsa ya zo ɗaya da naku.

Batun suna kuwa na DNS ne, wato tsarin da ke fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta. Sunan kwamfutarku rautar ofis kaɗai ta san shi, wayarka kuma tana tambayar kamfanin layinka, wanda bai taɓa jin sa ba. A saitin WireGuard na wayar akwai layin DNS, a rubuta adireshin rautar a wurin, a tabbatar adireshin yana cikin AllowedIPs, kuma katangar tsaro tana barin wayoyi su yi mata wannan tambaya. Idan har yanzu ya ƙi, ka duba saitin DNS mai zaman kansa da Android ta shigo da shi tun siga ta 9, domin idan an kafe masa wani suna yana iya tsallake na ofis.

Rahoton da ke tsayawa a tsakiya alama ce ta girman ƙunshin bayanai. VPN yana ƙara wa kowane ƙunshi nauyi, shi ya sa WireGuard a kan MikroTik yake farawa da MTU, wato iyakar girman ƙunshi, na 1420 maimakon 1500, amma wasu hanyoyin datar waya ba sa wuce da ko wannan ɗin, sai ƙananan shafuka su wuce, manya su maƙale. Ƙwararren ya duba abin da ya rubuta a saitin, ya gwada 1280 a waya da kuma rauta. Ya ƙara PersistentKeepalive na daƙiƙa 25, wato ɗan saƙon da waya za ta riƙa turawa don kada haɗin ya yi shiru, saboda kamfanonin layi suna mance haɗin UDP da ya yi shiru, rahoto mai tsawo kuma yakan ɗauki lokaci kwamfuta tana haɗa shi kafin ta fara turowa. Kai kuma ka cire manhajar WireGuard daga jerin waɗanda waya ke kashewa domin tattalin batir.

Abu na ƙarshe, ka duba kada AllowedIPs ya kasance 0.0.0.0/0, wanda ke nufin kowane adireshi. Idan haka yake, duk abin da kake yi a wayar, har kallon bidiyo da shiga manhajar banki, ta ofis yake bi, yana cin intanet ɗin kamfani yana kuma rage maka sauri. Jerin ofis kaɗai ya isa.

Maman Fadila:

Malam, tunda ƙwararren zai dawo, ka sa ya bar muku rubutaccen bayani a hannun mutum biyu daga cikin shugabanni: lambar sirrin rauta, jerin na'urorin da ke da makulli da sunayen masu su, da matakan goge makulli ɗaya bayan ɗaya, yadda ko ba ya gari za ku iya rufe wayar da ta ɓace. Ku gwada matakan a gabansa da wata waya kafin ya tafi. Ka kuma tuna masa ya kashe L2TP idan kowa ya koma sabon tsari, domin tsohuwar kalmar sirrin tana aiki muddin yana kunne. Tsohuwar wayarka ma tana ɗauke da ita, saboda haka ka goge saitin VPN ɗin ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani kafin ka kai ta gyara ko ka ba wani.